Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirya Malamai Domin Koyarwa Daga Nesa a Lokacin Gaggawa

Gabatarwa

A kwalejin horon malamai an koya mana yadda ake tsayawa gaban aji, yadda ake riƙe alli, yadda ake raba allo gida uku, da yadda ake duban fuskar yaro a gane ko ya fahimta ko bai fahimta ba. Dukan wannan horo ya dogara ne a kan abu ɗaya, wato malami da ɗalibi suna cikin ɗaki ɗaya. To, idan aka wayi gari an rufe ƙofar makaranta, ɗalibai sun watse zuwa garuruwa da ƙauyuka hamsin, ina malami zai sa kansa?

Wannan tambaya ta riga ta same mu fiye da sau ɗaya. Ranar 19 ga Maris, 2020, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umurnin rufe makarantu saboda annobar korona. 'Yan ajin ƙarshe ba su koma ba sai ranar 4 ga Agusta, aka kuma fara jarrabawar WAEC ranar 17 ga watan, wato makonni biyu kacal bayan dawowarsu. Sauran azuzuwa a yawancin jihohi sun zauna a gida har zuwa Satumba ko Oktoba. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa a watan Afrilu na wannan shekara, rufe makarantu ya shafi ɗalibai kimanin biliyan 1.6 a ƙasashe fiye da 190.

Annoba ba ita kaɗai ke rufe makaranta ba. Bayan sace ɗalibai a Chibok a 2014, da Ƙanƙara a Disamba 2020, da Jangebe a Fabrairu 2021, da makarantar Bethel Baptist ta jihar Kaduna a Yuli 2021, an rufe makarantun kwana masu yawa a Arewa. Haka aka sake yi a Nuwamba 2025 bayan harin Papiri a jihar Neja. A Satumba 2024 kuwa ambaliya ce ta mamaye Maiduguri bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau, har wasu makarantu suka zama masaukin waɗanda ruwa ya kora. Saboda haka manufar wannan darasi ita ce mu duba abin da ya kamata malami ya sani, ya kuma tanada, tun makaranta tana buɗe.

Mece ce koyarwar gaggawa daga nesa?

Ya kamata mu bambanta abubuwa biyu. Akwai karatu daga nesa wanda aka tsara a tsanake, kamar wanda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, take yi wa malamai masu neman ƙarin ilimi. A irin wannan tsari ana ɗaukar watanni ana rubuta littattafai, ana shirya cibiyoyin haɗuwa, kuma ɗalibin babba ne wanda ya zaɓi hanyar da kansa. Akwai kuma koyarwar gaggawa, wadda dole ce ke kawo ta. Ɗalibin yaro ne, bai zaɓa ba, wataƙila ma ya bar littattafansa a akwatin ɗakin kwana. Malamin kuma yana da kwana biyu ko uku ne kawai ya shirya.

A Maris 2020 wasu malaman jami'o'in Amurka suka jawo hankali a kan wannan bambanci, suka nuna cewa koyarwar gaggawa ta wucin gadi ce, kuma kuskure ne a auna ta da ma'aunin karatun da aka tsara. Wannan magana tana da amfani gare mu. Malamin da ya ɗauka cewa zai kwashe dukan jadawalin mako, darasi takwas a rana, ya zuba a cikin waya, zai gaji a mako na biyu, ɗalibansa kuma su riga shi gajiya. Burinmu a lokacin gaggawa ƙarami ne amma mai nauyi: kada yaro ya manta abin da ya riga ya iya, ya ƙara kaɗan a kan muhimman darussa, kuma kada igiyar da ke tsakaninsa da makaranta ta tsinke har ya ƙi dawowa.

Abin da tarihi ya nuna

A Satumba 1937 cutar shan inna ta hana buɗe makarantu a birnin Shikago na Amurka. Hukumar ilimi ta birnin ta koma ga rediyo, ta riƙa watsa darussa ga yara kimanin 315,000. Kowane darasi kamar minti 15 ne. Jaridu suna buga jadawalin darussa kowace rana, an kuma ajiye malamai a bakin wayar tarho domin amsa tambayoyin iyaye. Mu lura da abubuwa uku da suka haɗa: murya ta rediyo, rubutu a takarda, da mutumin da za a yi wa tambaya. Har yau waɗannan su ne ƙashin bayan aikin.

A 2014 cutar Ebola ta rufe makarantun Saliyo na tsawon watanni, ba a buɗe ba sai Afrilu 2015. Daga Oktoba 2014 gwamnatin ƙasar ta fara watsa darussa ta rediyo. Da korona ta zo a 2020, Saliyo ta farfaɗo da shirin cikin ɗan lokaci kaɗan, domin akwai malaman da suka riga suka san aikin. Ƙasar ta kuma koyi darasi mai ɗaci, domin a lokacin Ebola 'yan mata da yawa sun yi ciki, wasu ba su sake komawa aji ba.

A ƙasarmu, a 2020, jihohi irin su Kaduna da Kano da Legas sun watsa darussa ta rediyo da talabijin, jihar Edo kuma ta yi amfani da WhatsApp wajen aika ayyuka ga 'yan firamare. A Botsuwana an yi wani gwaji a gidaje kimanin 4,500. Wasu gidaje an riƙa aika musu tambayoyin lissafi ta saƙon tes kowane mako. Wasu kuma, bayan saƙon, ana kiransu a waya na minti 15 zuwa 20 a yi aikin tare da yaron. Sakamakon ya nuna cewa yaran da ake kira sun ci gaba a lissafi, amma saƙon tes shi kaɗai bai kawo wani canji mai ƙwari ba. Darasin a fili yake: muryar malami mai tambaya yana jiran amsa ta fi tulin aikin da aka aika babu mai bibiya.

Mataki na farko: sanin gidan ɗalibi

Shiri yana farawa daga littafin rajista. Yawancin rajistocinmu suna ɗauke da sunan yaro, da garinsu, da lambar waya ɗaya wadda aka rubuta tun ranar da ya shigo aji ɗaya. Sau da yawa lambar ta daina aiki. A farkon kowane zango ya kamata malamin aji ya zauna da ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta amsar waɗannan tambayoyi:

1. Ina za ka tafi idan aka rufe makaranta yau, gidan iyaye ko gidan wani ɗan'uwa?
2. Lambobin waya biyu na manya a gidan, da sunan mai kowace.
3. Wayar ƙarama ce ko babba mai intanet? Da wane lokaci take gida?
4. Akwai rediyo? Wace tasha ce ta fi kamawa?
5. Akwai wutar lantarki ko wurin caji kusa?
6. Wa ya iya karatu a gidan da zai iya taimakawa?
7. Waɗanne ɗaliban makarantarmu ne ke zaune kusa da kai?

Idan aka tattara amsoshin, aji zai rabu gida uku: masu babbar waya da data, masu ƙaramar waya ko rediyo, da waɗanda takarda kaɗai za ta iya kai musu. Ƙa'idarmu ita ce mu fara shiri daga rukuni na uku. Darasin da aka rubuta domin takarda ana iya ɗaukar hotonsa a aika ta WhatsApp, ana iya karanta shi a rediyo. Darasin da aka shirya a bidiyo kuwa ba ya komawa takarda cikin sauƙi. Kada mu manta cewa a Satumba 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara da wasu sassan jihohin maƙwabta saboda tsaro, aka yi makonni babu kira babu saƙo. Makarantar da ta dogara ga intanet kaɗai, a irin wannan hali, ta yi shiru ke nan.

A ajiye wannan rajista kwafi biyu a takarda, ɗaya a ofishin shugaban makaranta, ɗaya a hannun malamin aji. Lambobin iyaye amana ce, ba a ba kowa su.

Mataki na biyu: tace manhaja

Kowane sashe, na Lissafi, na Turanci, na Kimiyya da sauransu, ya zauna ya raba aikin zango kashi uku. Kashi na farko shi ne abin da in yaro bai iya ba, ba zai fahimci darussan gaba ba. Kashi na biyu shi ne abin da yaro zai iya karantawa da kansa in an ba shi jagora. Kashi na uku shi ne abin da dole sai an dawo, kamar gwaje-gwajen ɗakin kimiyya masu bukatar sinadarai da kulawar malami.

Alal misali, malamin Lissafi na ƙaramar sakandare zai sa kasafi da kashi cikin ɗari a kashi na farko, domin riba da asara da kuɗin ruwa duka a kansu suke tsaye. Malamin Tarihi zai iya sa babi guda a kashi na biyu, ya haɗa da tambayoyi biyar. Malamin Aikin Gona kuwa yana da sa'a, domin yaron da ke gida da damina yana tsakiyar ɗakin gwajinsa: a sa shi ya auna tsawon masara kowane mako, ya rubuta kwarin da ya gani a jikin wake, ya tambayi tsohon manomi yadda ake adana hatsi a rumbu.

Haka nan a rage yawan lokaci. Yaron da ke gida yana ɗebo ruwa, yana zuwa gona, yana tsaron shago ko renon ƙanne. Idan muka sami awa biyu zuwa uku na karatun kirki a rana daga ɗan sakandare, mun yi nasara. Darussa biyu a rana sun isa.

Mataki na uku: ƙwarewa a hanyoyi huɗu

(a) Takarda. Kowane malami ya koyi rubuta darasin da zai tsaya da ƙafarsa, ba tare da malamin yana kusa ba. Takarda ɗaya gaba da baya ta isa darasin mako. A sama a rubuta abin da yaro zai iya yi in ya gama. Sai bayani a gajerun jimloli, sai misalai biyu da aka warware mataki mataki, sai aikin yi daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Amsoshin wannan mako su zo a takardar mako mai zuwa. Bari mu yi lissafin abin da za a tanada. Idan darussa 8 ne, makonni 4, kowane yaro zai bukaci takarda 32. Makaranta mai ɗalibai 300 za ta bukaci takarda 9,600, wato kusan ƙunshi 20 na takardar da ke zuwa 500 a ƙunshi. Wannan abu ne da ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya saya tun da wuri. Abin da ya fi kyau shi ne a buga aikin makonni biyu na farko a ajiye a kabad, yadda ko da an ce a sallami yara cikin awa uku, kowa zai fita da ƙunshinsa a jaka. Na sauran makonni a ajiye su a wuraren da aka amince da su, kamar majami'a, ko masallaci, ko gidan mai unguwa, ko shagon wani mahaifi a kasuwar mako.

(b) Murya. Ko a gidan rediyo ne ko a saƙon murya, koyarwa da baki kaɗai fasaha ce dabam. Babu allo, babu nuni da hannu. Malamin da ya saba cewa "ku dubi nan" dole ya koyi faɗin abin da ke nan ɗin. A rubuta abin da za a faɗa tukuna, a karanta a hankali, a maimaita muhimmiyar magana sau biyu, a kuma bar shiru bayan kowace tambaya domin yaro ya amsa ko ya rubuta. Wannan dabara ta barin gurbi domin mai sauraro ya amsa an gwada ta tun shekarun 1970 a ƙasar Nikaraguwa wajen koyar da lissafi ta rediyo, kuma ta yi aiki. Saƙon murya kada ya wuce minti biyar. In darasin ya fi haka, a raba shi.

(c) Kira da saƙon tes. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160. Amma idan aka sa haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ, adadin yakan sauko zuwa 70, sai saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗi ya ƙaru. Malamin Hausa ya san da wannan. Game da kira, mu yi lissafi: malamin aji mai yara 40, in zai ba kowa minti 15 a mako, zai yi minti 600, wato awa 10, ko awa 2 kowace rana daga Litinin zuwa Jumma'a. Aiki ne mai yiwuwa in an ba shi katin waya. Inda yara uku ko huɗu suke unguwa ɗaya, kuma hali ya ba da damar haɗuwa, kira ɗaya ya ishe su.

(d) Intanet. Ga masu babbar waya, a buɗe zaure ɗaya na WhatsApp ga kowane aji, maimakon kowane malami ya buɗe nasa har uba ya rasa inda zai duba. A sa ranar kowane darasi da lokacin amsa tambayoyi. Hoton takarda da saƙon murya sun fi bidiyo sauƙin data nesa ba kusa ba. Darasin kai tsaye ta Zoom ya dace ne kawai inda aka tabbata kowa zai iya shiga, domin sau da yawa wayar tana kasuwa tare da mai ita har dare. A Maris 2022 gwamnatin tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da dandalin karatu na kyauta mai suna Nigeria Learning Passport. Yana da kyau malami ya shiga ya duba abin da ya dace da darasinsa tun yanzu, kada ranar gaggawa ta zama ranar farko da zai gan shi.

Misalin darasin murya

Ga yadda malamin Lissafi zai iya tsara minti biyar a kan kashi cikin ɗari. Zai fara da gaisuwa da faɗin sunansa da ajin da yake magana da shi. Sai ya ce: "Ku ɗauko littafi da biro. Zan jira." Ya yi shiru kaɗan. Sai ya ce: "Wata mata ta sayi buhun gyaɗa naira 40,000, ta sayar naira 50,000. Ku rubuta lambobin nan biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Nawa ta ci riba?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Naira 10,000. Wanda ya samu haka ya yi daidai." Daga nan ya bi da su su rubuta 10,000 a sama, su ja layi, su rubuta 40,000 a ƙasa, su rage ya zama ɗaya bisa huɗu, su ninka da 100 su sami 25. Ya maimaita cewa kuɗin saye ne ke zama a ƙasa, domin nan ne yara suka fi yin kuskure. A ƙarshe ya ba da tambayoyi uku, ya faɗi ranar da zai kira ya ji amsa. Ku lura cewa abu ɗaya tak aka koyar, kuma yaron ya yi rubutu sau huɗu cikin minti biyar.

Duba aiki da ba da maki

Aikin da ba a dubawa yaro yakan daina yinsa. Amma kuma ba mu da tabbacin wanda ya yi aikin da aka aiko daga gida, ko yaron ne ko yayansa. Don haka kada a ɗora makin ƙarshen zango a kan aikin gida na lokacin gaggawa. A yi amfani da shi domin gane inda yaro ya tsaya. Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiya ita ce a waya a ce masa, "Faɗa mini yadda ka yi ka sami wannan amsa." Kowane ɗalibi ya keɓe littafi ɗaya na aikin gida, ya riƙa rubuta kwanan wata, ya kawo shi ranar dawowa. Kada kuma a hukunta yaron da bai aiko da aiki ba kafin a bincika dalili. Mai yiwuwa babu caji, mai yiwuwa gudun hijira suke yi.

Kula da ɗalibi da tsare mutunci

Abin da ya rufe makaranta yakan taɓa gida ma. Wani yaron ya rasa mahaifi, wani ya ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, wani gidansu babu abinci. Kiran malami ya fara da tambayar lafiya da mutanen gida kafin a shiga darasi. Idan aka yi mako biyu ba a ji ɗuriyar yaro ba, a sanar da shugaban makaranta, a nemi wani mahaifi ko tsohon ɗalibi da ke kusa ya leƙa. A fi sa ido a kan 'yan mata, domin dogon zaman gida shi ke kawo maganar aure ko talla, da kuma yara maza da suka fara samun kuɗin acaba ko haƙar ma'adinai.

Akwai kuma dokokin da za su kare ɗalibi, su kare malami. Kira ya bi ta wayar uba ko uwa ko mai riƙo, a gaisa da su tukuna. Ba a kira da dare. Malami ba ya buɗe hira ta sirri da ɗalibi ko ɗaliba, kuma kowane zauren aji ya kasance da malamai biyu a ciki, da mace ɗaya aƙalla inda akwai 'yan mata. A lokacin rashin tsaro ba a bayyana inda yara suke taruwa ko ranar komawa a dandalin da kowa ke gani.

Haƙƙin malami

Ba daidai ba ne a ɗora wa malami wannan kaya a bar shi da aljihunsa. A 2020 malaman makarantu masu zaman kansu da yawa sun yi watanni babu albashi, domin kuɗin makaranta ya tsaya. Malamin da ke tunanin abin da iyalinsa za su ci ba zai sayi katin kiran yara 40 ba. Hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye su amince tun yanzu a kan ɗan asusun gaggawa, a rubuta abin da za a ba kowane malami na kati da data a mako, da yadda za a yi da albashi in rufewar ta yi tsawo. A kuma sa iyakar lokacin aiki, domin waya ba ta san an tashi daga makaranta ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: malamai biyu masu koyar da darasi ɗaya su raba aiki, ɗaya ya rubuta takarda, ɗaya ya ɗauki murya.

Yadda za a yi horon

Lacca ta yini ɗaya ba ta koya wa mutum wannan aiki. Sai an yi da hannu. Muna ba da shawarar tsari kamar haka. A makon da malamai ke dawowa kafin ɗalibai, a ware kwana biyu. Ranar farko kowane sashe ya tace manhaja, kowane malami ya rubuta darasin takarda ɗaya, ya ba abokin aikinsa na wani sashe ya gwada yi ba tare da an yi masa bayani ba. Inda malamin Turanci ya kasa bin darasin Kimiyya, a nan yaro ma zai tsaya. Rana ta biyu kowa ya ɗauki darasin murya na minti biyar a wayarsa, a saurara tare, a gyara wa juna cikin ladabi. A haɗa matasan malamai da suka san waya da dattawan da suka san inda yara ke tuntuɓe, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa.

Sa'an nan sau ɗaya a zango a yi atisaye. A zaɓi Asabar ɗaya ko hutun tsakiyar zango, a ba yara ƙunshin takarda, a aika saƙo, a yi kira, a ƙirga gidaje nawa aka samu da nawa ba a samu ba. Wannan ƙirga ita ce za ta nuna mana gaskiyar shirinmu. A ƙarshe a rubuta komai a shafi biyu: wa zai sanar da iyaye, wa ke riƙe da mabuɗin kabad ɗin takardu, wa zai tuntuɓi gidan rediyo, wa zai maye gurbin malamin da ba a same shi ba.

Ranar dawowa

Shirin bai ƙare ba sai yara sun dawo. A makon farko a yi ɗan gwaji marar maki domin a ga inda kowa yake, gama wanda ya sami waya da mai taimako zai yi nisa, wanda bai samu ba yana inda aka bar shi ko ma baya. A ware makonni biyu ko uku na maimaici kafin a shiga sabon aiki. A kira rajista da kyau, duk wanda kujerarsa ta zauna babu kowa, a bi sawunsa har gida.

Kammalawa

Mun ga cewa koyarwar gaggawa daga nesa tana bukatar rajista mai rai, manhajar da aka tace, malamin da ya iya takarda da murya da waya, dokokin tsare mutunci, da atisaye a kai a kai. Yawancin waɗannan ba sa cin kuɗi mai yawa, lokaci da niyya suke bukata. Muna roƙon iyaye su riƙa sanar da makaranta duk lokacin da suka canja lamba ko mazauni. Muna roƙon tsofaffin ɗalibai su taimaka da takarda da rediyo mai amfani da hasken rana. Ku kuma ɗalibai, ku saba da karatu ba tare da an tsaya a kanku ba, ku riƙa tafiya hutu da littattafanku. Fatanmu shi ne kada ƙofar makaranta ta sake rufuwa, amma mu shirya tun muna da sarari.

Tambayoyi domin nazari

1. Bayyana bambanci tsakanin karatu daga nesa da aka tsara da koyarwar gaggawa.
2. Me ya sa ya kamata a fara shiri daga ɗalibin da takarda kaɗai za ta kai masa?
3. Makaranta tana da ɗalibai 450 da darussa 9. Takarda nawa za ta tanada domin makonni 3, in kowane darasi takarda ɗaya ce a mako?
4. Wane darasi muka koya daga gwajin da aka yi a Botsuwana?
5. Zaɓi batu ɗaya daga darasin da ka fi so, ka rubuta shi yadda za a karanta a rediyo cikin minti biyar.